Ƙullutun Agarar Gidanmu

Sabon Tasha, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga direba mai gaggawa irin ubanka a zamanin ƙuruciyarsa, ya saukar da kai cikin mutanen kirki a inda aka tura ka bautar ƙasa. Mamanka na gaishe ka, ko da yake a daidai lokacin da nake wannan rubutu tana nan kusa da kai, tana cusa maka garin kuka da daddawa a jaka, sai ka ce za ka ƙasar da ba a taɓa yin miya ba.

Za ka yi mamakin samun takarda cikin takalminka na hagu. Da gangan na sa ta nan, don maganar takalmi ce. Kuma da baki ba za ta yiwu ba, gama da zarar na gyara murya sai ka ce, "Baba, an fara lacca," ka tuna kana da wanki. Takarda kuwa ba za ka katse ta ba.

Ranar da ka dawo daga sansanin horo da kakinka, ka shigo gida kana ɗingishi. Mamanka ta tambaye ka, ka ce, "Mama, takalmin but ɗin nan ne ke cizona a agara." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma gabana ya faɗi a lokacin, kuma har yanzu bai koma daidai ba. Abin da nake roƙonka guda ɗaya ne, zan faɗe shi tun yanzu don kada ka ce na yi ta zagaye. Da zarar ka sauka ka sami masauki, ka nemi babban asibiti, ka je da safe ba ka ci kome ba, ka ce a auna maka kolestarol a jini. Na san kai da allura. Duk hutun da ka zo daga jami'a na ce mu je, sai jarrabawa ta tsiro maka. Yanzu jarrabawa ta ƙare. Ga dalilina, kuma zan ba ka shi ta hanyar wautar da ni na tafka, don ita ce karatun da na fi ƙwarewa a kai.

Wautata ta farko ita ce alfahari. Ka san agarata. Kana ƙarami kana wasa da ƙullutun nan mai tauri da ke bayan dunduniyata, kana ce masa goron Baba. A gidanmu can ƙauye sunansa agarar gida. Kakanka yana da shi, yayana Dogara yana da shi, har da wasu a kan gaɓoɓin yatsunsu. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Yakan fito in mutum ya fara zama magidanci, saboda haka muka ɗauka hatimi ne da Allah ya buga wa 'ya'yan gida na ainihi. Shekarar da nawa ya fito, na fi wata ina zuwa coci da silifas da wando a naɗe, wai zafi nake ji. Mamanka ta ce, "Baban Ishaya, in ƙafa kake so a gani, ka ɗora ta a kan benci mana, kowa ya huta."

Al'adar ba ta tsaya nan ba. Kowace Kirsimeti dangi kan haɗu a yanka bijimin sa, kuma rabon yana da doka. Masu agarar gida su ne da tozo da kitse da ƙwaƙwalwa da hanta. Waɗanda ba su da ita sai tsoka da ƙashi. Baba Gambo, ƙanen kakanka, agararsa sumul take kamar ta budurwa, don haka tun da ya zama magidanci ake miƙa masa ƙashi ana masa ba'a, wai dangin uwarsa ya ɗauko. Ni kaina na sha tsokanarsa, maiƙo na gangarowa har gwiwar hannuna. Ɗana, abin da ka gāda daga gida ka girmama shi, amma ka tambayi mene ne shi kafin ka naɗe masa wando. Mu ba mu taɓa tambaya ba.

Wautata ta biyu, na ɗauka ciwon kitse na masu tumbi ne. Kakanka ya rasu bai yi furfura ba. Yaya Dogara ya faɗi a kan kunya da fartanya a hannu, kai kana aji biyu a sakandare. Ranar na yi kuka irin wanda ban san ina da shi ba, kuma har yau in na ga mai tafiya irin tasa a kasuwa sai na tsaya. Mutanen gari suka ce da hannu a ciki, aka yi ta kallon wani tsoho maƙwabcinmu a kaikaice, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba wanda ya lura cewa duk masu faɗuwar nan masu agara ne.

Da ni ma abin ya fara taɓa ni, sai na ba shi wani suna. In na hau tsanin tanka zan buɗe murfi a wurin lodi a matatar mai, sai in ji kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya, in na tsaya ya sake ni. Na ce gyambon ciki ne, na riƙa tsotsar kanwa. Mamanka ce ta ɗauke mini makullin mota wata safiya ta sa a cikin zaninta, ta ce ko asibiti ko tankar ta kwana nan. Ka san ta, ba a ja da ita.

Likitar da muka samu wata yarinya ce 'yar Filato, a ido ba ta fi ka da yawa ba. Ta saurari ƙirjina, ta haska idona ta daɗe tana duban wani farin zobe da ya kewaye baƙin idon, sa'an nan ta ce in cire takalmi. Na ce a raina, yau ga wadda ta san daraja. Na miƙa mata ƙafa ina murmushi. Ta matsa ƙullutun da yatsa, ta ce, "Malam Bulus, wa ke da irin wannan a gidanku?"

Na shiga jero mata su da fahariya.

Ta ce, "Su wa ke da rai a cikinsu?"

Na ƙirga da yatsu, sai na ga matattu sun fi masu rai yawa. Mamanka ta sunkuyar da kai.

Da sakamakon jini ya fito ta ce kolestarol ɗina ya yi sama ƙwarai. Na ce, "Haba Likita, dube ni fa. Iska mai ƙarfi ma sai in riƙe bishiya. Ina kitse zai sami wurin zama a jikina?"

Ta yi dariya ta ce, "Ba kitsen tumbi muke magana ba, Baba. Wane aiki kake yi?"

Na ce tanka nake ja. Ta ce to magana ta zo da sauƙi, ta ja kujera. Zan faɗa maka yadda ta faɗa mini, in ka ga na karkata, kai mai digiri ne, ka gyara a zuciyarka.

Ta ce kolestarol wani irin maiƙo ne mai kama da kakin zuma, kuma ba abokin gāba ba ne. Jiki na bukatarsa, da shi yake gina bangon ƙwayoyinsa, da shi yake yin ruwan matsarmama. Yawancinsa ma hanta ce ke yi, abinci ƙari ne kawai. Shi ya sa siriri kamata zai iya cika da shi. Amma mai da ruwa ba sa haɗuwa, jini kuwa ruwa ne, saboda haka sai an yi masa tanka. Akwai wasu 'yan dunƙule ƙanana, ido ba ya ganinsu, maiƙo a ciki, fata a waje, su ke yawo da shi cikin jini. Waɗanda suka fi ɗaukarsa sunansu LDL. A jikin kowane ɗaya akwai wani dogon furotin guda da ya naɗe shi kamar ɗamara, ta ce in ɗauke shi a matsayin lambar mota.

A jikin hanta kuma akwai ƙofofi, kowace da maigadinta, su a asibiti risefta suke ce masa. Maigadin nan bai san direba ba, bai san kaya ba, lamba kawai yake karantawa. In ta yi daidai ya cafke tankar ya ja ta ciki, a sauke kaya a wargaza ta, shi kuma ya dawo bakin ƙofa ya jira wata. In hanta ta ga kaya ya wadata, sai ta rage wanda take yi da kanta, ta kuma rage masu gadi. In ta ga ya yi ƙaranci sai ta ƙara su. Haka jiki ke daidaita kansa ba tare da ya nemi shawararka ba.

Na ce, "To ni ina matsalata?"

Ta ce, "A irin gidanku, ɗayan biyu ne. Ko dai an haife ku da masu gadi kaɗan, ko marasa gani sosai, wannan shi aka fi sani. Ko kuwa lambar da ke jikin tankar ce aka buga ta a karkace, maigadi ya duba ya kasa karantawa. A nan ba mu da na'urar da za ta nuna wanne ne naku. Amma ƙarshensu ɗaya. Kai ka faɗa mini, tankar da aka hana shiga geti, ina take zuwa?"

Ishaya, wannan tambaya ba ta bukatar digiri. Kai ma ka san hanyar Kachia in layi ya yi tsawo: tankoki dama da hagu, mai na ɗiga, hanya ta tsuke har bas biyu ba sa iya giftawa. Na ce mata, "Bakin hanya take fakin."

Ta ce, "Haka suke yi a jijiyoyin jininka. Su daɗe suna yawo har su lalace, su kutsa cikin bangon jijiya. Akwai wasu ƙwayoyi masu shara da ke zuwa su haɗiye su, su kuwa ba su san ƙoshi ba, sai su ci su kumbura su maƙale a wurin. Hanya ta yi ta tsukewa. Wanda ya taru a agararka kana iya taɓa shi da hannu. Irinsa ne a jijiyar zuciyarka, shi ne igiyar da kake ji a kan tsani."

Na kalli goron Baba, karo na farko a rayuwata na ja wando na rufe shi. Saboda haka kada ka dubi madubi ka ce kai siriri ne, kana buga ƙwallo, ba abin da ke damunka. Madubi ba ya ganin cikin jijiya. Kuma in ka ji wani baƙon abu a jikinka, kada ka raɗa masa suna da kanka kamar yadda na yi.

Wautata ta uku kai shaida ne, don ka ci miyarta. Daga asibiti na dawo gida kamar sabon gwamnan soja, na kafa dokar hana mai. Ba manja, ba man gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli na ce kada in gani. Mamanka ta yi mana miyar kuka fara fat, ƙannenka suna ci suna kallona kamar na kashe musu wani. Ni kuma da yake baki ya saba da daɗi, sai na koma wa zaƙi. Shayi sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Lemon kwalba a kowace tasha, burodi, rake, alewa a aljihu. Ina ce wa abokan aiki, "Ai ni yanzu no oil at all," ina jin kaina kamar wani waliyyi.

Da na koma awo, sai ga sukari ya hau, kolestarol kuwa yana nan inda yake. Likita ta dafe kai ta ce, "Baba, wa ya aike ka?"

Na ce, "Ke kika ce mai."

Ta ce, "Na ce tozo da kitse da man shanu da ƙwaƙwalwa. Irin kitsen da ke daskarewa in miya ta huce, shi ne ke sa hanta ta rage masu gadi. Man gyaɗa kaɗan ba laifi, manja a taƙaita. Amma kai ka gudu daga wannan ka faɗa wani. Ba yawan tankoki kaɗai muke dubawa ba, har da irin ƙirarsu da abin da ke jikinsu."

Nan ta koya mini abin da ya fi ba ni mamaki. Ta ce in sukari ya yi yawa a jini, yakan manne a jikin furotin ɗin nan, kamar yadda taɓo ke shafe lambar mota da damina. Lambar na nan lafiya a ƙarƙashi, amma maigadi ba ya gane ta, sai ya ƙyale tankar ta wuce. Ta ce kuma yawan zaƙi da giya kan canja abin da aka loda a cikin dunƙulen, a ƙarshe ya tsuke ya zama ƙarami mai nauyi. In ya tsuke, ɗamarar nan ba ta zama daidai a jikinsa, lambar ta ɗan juya gefe, kamuwarsa ta yi wuya, ga shi kuma ya fi saurin kutsawa bangon jijiya. Hayaƙin taba shi ma yana taimaka wa dunƙulen ya lalace, ya zama abincin masu sharar nan. Wato mutumin da aka haifa da masu gadi kaɗan, sa'an nan ya shafa wa lambarsa taɓo, ya haɗa wa kansa aiki biyu.

Na dawo gida na janye dokar. Mamanka ta ɗauko kwalbar man gyaɗa daga bayan buhun masara, inda ashe take tun ranar farko. Darasin shi ne, in likita na magana ka saurara har ta kai aya. Ni kalma ɗaya na cafke na fita da gudu.

Wautata ta huɗu ta direba ce. An ba ni wani garin magani da ake damawa a ruwa. Ka san shi, kai ne ka sa masa suna yashin kogin Kaduna, kuma ba ka yi ƙarya ba. Na sha shi na ɗan lokaci, ƙirji ya yi sauƙi, sai wani abokin aikina a layin lodi ya ce, "Oga Bulus, wetin be all this? Kai da ka san inji? In bututu ya toshe ai wanke shi ake yi. Ruwan zafi da lemon tsami da safe, ka ɗora 'yar barasar ogogoro, everything go melt." Maganar ta shige ni, don na ga yadda ruwan zafi ke wanke kwanon miya. Na ajiye yashi na kama lemon tsami. Abin da na samu shi ne haƙora suka mutu, ko tuwo na tauna sai na runtse ido, igiyar ƙirji kuma ta dawo ta same ni a kan tsani.

Na koma wurin Likita kamar ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba. Ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi faɗa ciwo. Ta ce abin da ke jijiya ba a kan bango yake kamar maiƙon kwano ba, a cikin bangon yake, ba ruwan da zai kai gare shi. Garin nan kuwa ko jini ba ya shiga. A hanji yake tsayawa ya kama ruwan matsarmama ya fita da shi bayan gida. Hanta ta ga ruwan matsarmama ya ragu, dole ta yi sabo, kuma da kolestarol ake yinsa. Sai ta ƙara masu gadi a ƙofa su yi ta jawo tankoki daga hanya. Ranar da ka daina sha, ta sallami ƙarin masu gadin. Ta ce kuɓewa da wake ma suna ɗan yin irin wannan aiki, abin da ya sa Mamanka ta ɗaure maka busasshiyar kuɓewa mai yawa haka. Ta kuma ce a ƙasashen waje an fara samun wata ƙwaya da ke rage wanda hanta ke yi da kanta, ita ma ta wannan hanya take sa a ƙara masu gadi, wata rana za ta iso mu. Ka ga ku kun zo a sa'a.

Tun daga ranar ban sake fashin yashina ba. Ina toshe hanci in shanye, in ce amin. Kai ma in aka ɗora ka a kan magani, kada ka bari don ka ji garau, jin garau ɗin aikin maganin ne. Abokin aiki kuma ka ci abinci da shi, ka yi dariya da shi, amma kada ka ba shi jininka ya yi maka gyara.

Wautata ta ƙarshe ita ce ta Kirsimetin da ba ka je ba, kana makaranta. An yanka sa, an kasa, aka turo mini tozo a gabana kamar kullum. Maimakon in ja 'yan'uwana gefe ɗaya bayan ɗaya, sai na miƙe tsaye a gaban kowa, har da surukai, na ce agarar gida ciwo ce, ita ta kashe kakanka, ita ta kashe Dogara. Sai hayaniya ta ɓarke. Wani ya ce Kaduna ta lalata ni, wani ya ce na zagi kakanni, wata gwaggo ta fara kuka. Gaskiya na faɗa, amma na faɗe ta kamar mai sauke lodin duwatsu.

Baba Gambo ne ya cece ni. Yana zaune a gefe da ƙashinsa a hannu, tsoho tukuf, ranar ma daga gona ya dawo. Ya fara dariya a hankali, har ta kai yana buga cinya. Ya ce, "Bulus, sake faɗa in ji. Wato ni da kuka mai da bare, ni ne mai lafiya?"

Na ce, "Haka likita ta ce, Baba. Kai ba ka gāji abin ba."

Ya share hawayen dariya, sai kuma fuskarsa ta canja. Ya dubi masu agara ɗaya bayan ɗaya, duk 'ya'yan 'yan'uwansa ne, ya ce, "Na binne yayyena, na binne ƙannena, na fara binne 'ya'yansu. Na gaji. Ku bi yaron nan Kaduna a duba ku. Tozon kuma ku miƙo shi nan, na daɗe ina jira."

Aka fashe da dariya, mai kuka ma ta yi. Bayan girbi uku daga cikinsu suka zo, suka kwana a falonmu, na kai su awo. Tsohon nan maƙwabcinmu kuwa na je har gida na gaishe shi da ɗan tsaraba. Abin da za ka koya a nan, maganar nan ba ta ɓoyo ba ce, amma a zaune ake yinta, da murya ƙasa. Ranar da ka ga yarinyar da hankalinka ya kwanta da ita, ka faɗa mata tun kafin a kai kaya. In irin Mamanka ce, ita za ta riƙa ɗauke maka makulli.

Sauran ka san su. Ka ci wake da acca da kifi da ganye, ka ci tuwonka da miyar kuɓewa. An ce inda za ka manja kamar ruwa yake a miya, kada ka wulaƙanta abincin mutane, ka ci, amma ka janye na saman gefe. Tsire ka zaɓi tsoka ka bar wa mai shi kitsensa. Taba ko da wasa. Inda ƙafa za ta kai ka, ka bar bas ya wuce. Duk wannan yana da kyau ko kana da abin ko ba ka da shi. Amma ba zai maye gurbin awo ba, don in gādon ne, abinci kaɗai ba ya isa.

Likita ta ce kowane ɗa da rabonsa: ko ya ɗauko wajen uba, ko ya ɗauko wajen uwa, ba a sani sai an duba jini. Ƙannenka na kai su da kaina, mun san inda kowa ya tsaya. Kai kaɗai ka fi ƙarfina. In an duba aka ce kana da shi, kada ka tsorata. Ni sai da igiya ta kama ni a kan tsani na sani, kuma ga ni nan ina hawa ina sauka, ina cin tuwo, ina damun Mamanka. Kai kuwa za ka sani tun hanyarka na buɗe, abin da kakanka da Dogara ba su samu ba.

Ishaya, tun ranar da aka haife ka, duk wanda ya ce kamarmu ɗaya sai in ji kaina ya kumbura. Tsayina ka ɗauko, da hancina, da taurin kaina, har yadda kake tsayawa da hannu a ƙugu. Ban taɓa ƙoshi da jin haka ba. Akwai shekarun da nake satar kallon dunduniyarka in kana wanke ƙafa, ina addu'a agarar gida ta fito maka. Yanzu kullum da safe ina durƙusawa in roƙi Allah ya yi watsi da waccan addu'ar, ya sa a wannan abu ɗaya tak Mamanka ka ɗauko.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka, ya tsare ka a mota da a ƙasa, ya ba ka farin jini wurin waɗanda za ka yi wa aiki, ya dawo mana da kai lafiya. In za ka rubuto, kada ka fara da labarin gari ko na abinci, layin farko ya zama abin da jini ya nuna. Ka rufe ido in za a soka allurar, ba wanda zai gaya wa ƙannenka.

Allah ya sa laifin takalmi ne.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka,
Bulus.